Jan Layi a Hannun Yaya

Litinin, 3 ga Maris

Yau na raka Yaya asibiti. Wata na huɗu ke nan da mota ta kaɗe shi a kan babur, har yanzu hannunsa na dama yana reto kamar ba a jikinsa yake ba. Ƙashi ya ɗoru, ciwon kafaɗa ya warke, amma daga kafaɗa zuwa yatsu shiru. Likita ya soka masa allura a ɗan yatsa, shi kuwa yana can yana kallon taga, bai ma san an yi ba.

Likita ya ce jijiyoyin da suka sauko daga wuya ne, ko dai sun tsinke ko sun ja. A nan ba su da na'urar da za ta faɗi wanne ne. Sai an je babban asibiti can nesa a gwada, in ta kama a yi aiki, a ɗauko jijiya daga wani wuri a dasa. Ya nanata cewa kada mu ɓata lokaci, don tsokar da ba ta aiki bushewa take yi.

Da muka fito Yaya ya juyo gare ni. "Auta, a wuya za su yanka ni? Shekara nawa na yi ina ɗora aska a wuyan mutane, na san abin da ke wurin."

Mai aski, babu hannun dama. Ban san yadda ake rubuta wannan ba.

Laraba, 5 ga Maris

Ina shirya wa ɗalibai kayan darasi a ɗakin gwaji na kwaleji, sai na tsinci kaina a tsaye da akwatin auna sigina a hannu. Kullum ina ɗaukarsa, ban taɓa yi masa kallon yau ba. Bai fi ƙaramin littafi ba, gefensa jerin kafofi da 'yan sukurori inda ake ɗaure waya. Duk wani lantarki mai hawa da sauka, na zafi ne, na nauyi ne, na girgiza ne, zai karɓa ya mai da shi lambobi ya miƙa wa kwamfuta, ita kuma ta zana layi a allo.

Tsokar mutum ma tana fitar da lantarki in ta yunƙura. Ɗan mitsitsi ne, sai an bi da shi ta amfilifaya, na'urar da ke ƙara masa ƙarfi. Muna da guda biyu a kabad, da faci masu manne da ake liƙawa a fata.

Na roƙi Malama, shugabar sashenmu. Ta ce in ɗauka ranar Juma'a in dawo da shi Litinin. Har na kai ƙofa ta ce, "Ka dai san kai ba likita ba ne ko?"

Na ce na sani.

Asabar, 8 ga Maris

Yau muka gwada.

A falon Yaya muka yi. Anti, matarsa, ta kwashe kayan da ke kan tebur, Inna ta zauna a gefe da carbinta tana kallon wayoyin kamar macizai. Sai da na aske masa gashin damtse kafin facin ya kama. Ya ce riƙon rezata na mai yankan albasa ne, kada in gaya wa kowa ni ƙaninsa ne.

Hannun hagu mai lafiya na sa a kafa ta ɗaya, koren layi, don in samu abin kwatantawa. Na dama a kafa ta biyu, jan layi. Da farko hayaniya ce kawai, layi ya yi kauri kamar tsintsiya. Na zare cajar kwamfuta, Anti ta kashe fanka, sai ya kwanta.

Na buɗe koren na ce ya dunƙule hagu. Layi ya yi tsalle har saman allo. Inna ta yi salati.

Sai na rufe koren a allo, na buɗe jan shi kaɗai, na ƙara masa girma sosai. Na ce, "To, dama." Ya runtse ido, ya cije leɓe, jijiyar wuyansa ta fito raɗau. Yatsun ba su motsa ba. Amma jan layin ya motsa. Wallahi ya motsa. Na ce ya saki, ya kwanta. Ya sake, ya tashi. Muka yi ta maimaitawa, duk yunƙuri sai ya amsa.

"Me ka gani?" in ji shi.

Na ce saƙo yana isa. Kaɗan ne, amma yana isa.

Inna ta rufe fuska da mayafi. Yaya ya yi dariya, irin wadda ban ji ba tun kafin hatsarin, ya ce ashe ɗan bokan nan nasa ya fi likita bakin alheri.

Lahadi, 9 ga Maris

Na kalli abin da na adana ya fi a ƙirga. Yana nan.

Asabar, 22 ga Maris

Yaya ya ce ba zai je babban asibitin ba tukuna. Tunda jijiya tana raye, a bar ta ta dawo da kanta, me za a yanka?

Anti ta tare ni a ƙofar kicin, muryarta ƙasa-ƙasa. "Kai kaɗai yake jin maganarka yanzu. Ka tabbata?"

Na ce abin da na'ura ta nuna ne, ba ni na zana ba.

"Ba na'ura na tambaya ba."

Na ce na tabbata. Ta kalle ni, ta koma kan tukunyarta. Na so in ƙara cewa duk da haka a je a gwada, ba abin da zai rage. Ban ƙara ba. Ina jiyo shi a falo yana tsokanar yaransa, ban so in zama mai kashe wannan muryar.

Asabar, 12 ga Afrilu

Duk Asabar yanzu. Har yaran sun saba, suna ganina da jaka suke ihun ga boka ya zo.

Ya koma zuwa shago. Ba ya aski, Dogo abokin aikinsa ne ke riƙe da kujerun duka biyu, amma yana zama a benci yana ba mutane labari. Ya raɗa wa hannun suna: Baƙo. "Baƙo ya yi barci, ku yi magana a hankali." Kowa ya zo sai ya gaya masa ƙaninsa ya ga rai a ciki da kwamfuta. Wani tsoho ya tsayar da ni a bakin shagon ya yi ta sa min albarka. Na ji daɗi. Gara in rubuta gaskiya, na ji daɗi ƙwarai. Yaya ne ya tsaya min tun rasuwar Baba, da almakashi da kilifa ya kai ni inda nake. Wannan ne karo na farko da karatun ya yi masa wata rana.

Talata, 13 ga Mayu

Asibiti sun kira Anti, suna tambayar ko mun je. Ta ba shi wayar, ya ce su ba shi lokaci.

Asabar, 7 ga Yuni

Jan layin ya ƙara tsawo. Na auna, ya kusa ninka na watan Maris.

Amma hannun ya rame. Wurin da nake liƙa facin da can nama ne, yanzu sai na lalubo. Farcen sun yi wani irin sheƙi. Kuma yana kukan zafi, ya ce kamar an tsoma tafin a garwashi, tafin da ko tsunkuli ba ya ji. Ya ce alamar farkawa ce. Na ce ƙila.

Hagun kuwa ya yi ƙarfi, tunda shi ke komai yanzu. Ya murɗe min yatsu da muka gaisa, da gangan.

Laraba, 9 ga Yuli

Inna ta ce ta yi mafarkin ya ɗauki buta da dama. Ta dafa kaina. Ban san me ya sa ban yi murna ba.

Alhamis, 14 ga Agusta

Ba na son rubuta wannan.

Darasin 'yan shekarar farko. Malama ce ke koyarwa, ni na haɗa kaya. Wayoyi sun yi ƙaranci, sai na ciro nawa daga jaka, waɗanda nake kai wa gidan Yaya. Muka ba kafa ta ɗaya sigina mai hawa da sauka kamar igiyar ruwa. Kafa ta biyu batiri kawai muka haɗa mata, layinta ya kamata ya miƙe sambal.

Bai miƙe ba. Jan layin ya dinga hawa da sauka, yana bin koren sak, sai dai gajere.

Malama ta yi murmushi ta ce wa ɗaliban sun yi sa'a, ga darasi ya kawo kansa. Ta ce akwatin nan ma'auni ɗaya ne a cikinsa, yana leƙa kafofin ne ɗaya bayan ɗaya cikin sauri. In ya leƙa ta ɗaya ya juya ta biyu ya tarar babu abin da ke riƙe da ita, sai ya ba ka ragowar abin da ya ɗauko daga ta ɗaya. Inuwa ce, ba sigina ba. "Ina da tabbacin wayar nan a tsinke take ta ciki," in ji ta. Ta miƙo min.

Na san wannan. Na sani tun ina ɗalibi. Ni da bakina na sha gaya wa yara.

Na sa mitar gwada waya a bakunanta biyu. Shiru. Roba lafiya lau a waje, ciki a katse.

Ban san yadda aka gama darasin ba. Da suka watse na rufe ƙofa, na buɗe duk abin da na adana tun ranar farko. Koren yana nan a ajiye, akwatin yana ɗaukarsa ko ba a kalla, ni ne ban taɓa buɗe su tare ba. Na ɗora ja a kan kore. Kowane tudu, kowane kwari, kamar an kwafa. In Yaya ya yunƙura da dama, hagunsa yake dunƙulewa bai sani ba. Hagun nake aunawa. Da hagun ya yi ƙarfi, inuwarsa ta ƙara tsawo, ni kuma na kai masa albishir.

Tun Maris.

Na yi amai a wurin wanke hannu.

Juma'a, 15 ga Agusta

Na yanko sabuwar waya, na gwada ta da mita, na sake gwadawa. Ƙila akwai wani abu a ƙarƙashin inuwar. Ko ɗan kaɗan. Ya Allah ko ɗan kaɗan.

Asabar, 16 ga Agusta

Babu.

Na haɗa dama shi kaɗai, na cire hagu gaba ɗaya. Na ce ya shimfiɗa tafin hagu a gwiwa. Ya ce yau boka da sababbin sharuɗɗa ya zo. Ya yunƙura. Ya sake. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Layin yana kwance kamar an ja shi da rula. Don in tabbata ba kayan ba ne, na liƙa facin a damtsena na dunƙule, ya yi tsalle. Na mayar masa. Ya kwanta.

Ya iya karanta allon yanzu, ni na koya masa. Ya ce, "Yau Baƙo ya gaji ne?"

Na gaya masa. Ban tuna da waɗanne kalmomi ba. Na tuna na ɗauko tsohuwar wayar ina nuna masa, kamar ita za ta yi min bayani. Anti tana tsaye a bakin ƙofa da faranti a hannu.

"Tun yaushe?" in ji shi.

"Tun farko, Yaya."

Ya kalli hannun. Sannan ya ce, "Cire min waɗannan." Na ɓamɓare facin ɗaya bayan ɗaya. Ina yi a hankali kada ya ji zafi, sai na tuna.

"Kwashe kayanka."

Bai ɗaga murya ba. Da ya zage ni da na samu abin riƙewa. Anti ta matsa ta ba ni hanya, ba ta kalle ni ba, ba ta ce ai na faɗa maka ba. Har na kai titi ina jiran ta faɗa.

Litinin, 18 ga Agusta

Na mayar da akwatin kabad. Malama ta ga fuskata ta ja ni ofis, na gaya mata komai. Ba ta lallashe ni ba. Ta ce su tafi asibitin gobe-gobe, kada a ƙara kwana, ta kuma rubuta sunan wani likita da ta sani a can. Na tura wa Anti. Ta amsa da kalma ɗaya: to.

Talata, 2 ga Satumba

Sun tafi jiya, shi da Anti da Dogo. A bakin Inna na ji.

Juma'a, 5 ga Satumba

Anti ta kira. Muryarta a dashe.

Jijiyoyin daga tushe suka fizge. Tsokar damtse ta bushe, ko an dasa jijiya yanzu kafin ta iso babu abin da za ta tarar. Akwai wani aiki da ƙila zai sa gwiwar hannun ta riƙa lanƙwasa, nan gaba, in ya yarda. Yatsu kam a manta.

Ta ce ta tambayi likitan da an zo da wuri fa. Ya ce gwiwar hannu da kafaɗa da an fi sa rai. Yatsu ko a lokacin da wuya. "Na ce bari in gaya maka wannan," in ji ta. "Ko da an zo, da wuya ya sake riƙe almakashi."

Na gode mata. Na san kyauta ce ta ba ni, daga wadda ba ta da dalilin ba ni komai. Amma da wuya ba babu ba ne. Da kafaɗarsa ta ɗaga. Da ya iya sa riga shi kaɗai.

Lahadi, 14 ga Satumba

Ban fita ba.

Laraba, 24 ga Satumba

Malama ta ce ni zan ɗauki darasin haɗa kafofi na rukuni na biyu. Na ce ta nemi wani. Ta ce babu wani.

Na hana su taɓa komai sai kowa ya gwada wayarsa da mita. Sannan su haɗa kafar da wurin da ba lantarki, wanda muke kira ƙasa, su ga sifili da idonsu. Sannan su buɗe layukan duka tare, ba wanda suke so kaɗai ba. Wata yarinya ta tsallake matakin farko, na daka mata tsawa har ajin ya yi tsit. Idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Malam, batiri ne fa kawai."

Batiri ne kawai. Na ba ta haƙuri a gaban kowa.

Asabar, 4 ga Oktoba

Inna ta zo ɗakina da kanta, da ciwon gwiwarta. Ta kalli kwanuka, ta kalli kaina, ta ce na zama kamar wanda ya fito daga daji. Ta ce, "Ku biyu gare ni. Ɗaya ya rasa hannu, ba zan yarda ya rasa ƙane ba. Ka je ka gaishe shi, ko bai amsa ba."

Na je. Yana kwance a doguwar kujera, hannun a cikin majanyin da Anti ta ɗinka masa. Na gaishe shi. Ya ce lafiya, idonsa a talabijin. Ya daina ce masa Baƙo. Ƙaramar 'yarsa ta tambaye ni ina boka, uwarta ta janye ta.

Na zauna har aka kira la'asar. Ba wanda ya ce in tafi, ba wanda ya ce in zauna.

Asabar, 18 ga Oktoba

Na sake zuwa. Haka dai. Amma da zan tafi ya kalli kaina ya yi tsaki.

Litinin, 3 ga Nuwamba

Shekaranjiya Dogo ya kira ni, wai Yaya na nemana a shago. Na ɗauka wani abu ya faru, ko takalmi ban sa daidai ba.

Shagon ba kowa sai su biyu. Yaya yana tsaye bayan kujerarsa, kilifa a hannun hagu. Dogo ya raɗa min cewa ya kwana biyu yana gwadawa a kan burushi da tsohuwar hular gashi, amma ya ƙi taɓa kan kowa, wai ba zai ɓata sunansa a kan mutanen kirki ba.

"Zauna," in ji Yaya.

Na zauna. Dogo ya ɗaura min kyalle, don Yaya ba zai iya ƙulli ba. Kilifar ta sauka a ƙeyata tana rawa, ban san ko injin ne ko hannun ba. Ta fizgi gashi, na daure. Da ya iso gefen kunne ya tsaya, na gan shi a madubi ya kalli kafaɗarsa ta dama, kamar yana jiran ta kawo ɗauki.

"Riƙe kunnenka."

Na lanƙwasa kunnen da yatsuna na riƙe masa. Ya bi gefen a hankali. Haka muka yi ɗayan. Ya ce in ja fatar goshi, na ja. Ya ce, "Ba haka ba, dabba, sama." Na ja sama. Hawaye suka zubo min, ban iya sharewa ba, hannuwana duka suna aiki. Ya gani. Ya ce in daina motsi in ba so nake ya cire min kunne ba, a gidan nan mai nakasa ɗaya ya isa.

Askin ya karkace. Gefen dama ya fi na hagu hawa, ga wani rami a ƙeya, Dogo ya ce har tsuntsu zai iya ƙwai a ciki. Ya ɗauki kilifa zai gyara, Yaya ya ce kada ya kuskura. Ya kakkaɓe min wuya da burushi, da ƙarfi fiye da yadda ake bukata, ya ce in gashin ya fito in dawo, wannan kan ba na kowa ba ne, ya halatta a koyi aiki a kansa.

Bai ce ya yafe ba. Ban tambaya ba. Hannun yana nan yadda yake, haka kuma zai zauna, na sani.

Yau na je aiki. Ɗalibai suna ta ƙunshe dariya a bayana, Malama ta kalli ƙeyata ta buɗe baki ta fasa. Hulata tana cikin jaka. Zafi ake yi, shi ya sa ban sa ba.